Makarantar Crispus Attucks ta Indiyanapolis: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinta da Ƙwallon Kwandonta

Duk mai bin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya taɓa cin karo da sunan Oscar Robertson, ko da a jerin tsofaffin gwanaye ne. Kaɗan ne suka san sakandaren da ya yi, alhali labarinta ya fi nasa ban mamaki. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace makaranta ce wannan, kuma a ina take?

Sakandaren gwamnati ce ta jeka-ka-dawo a Indiyanapolis, babban birnin jihar Indiyana a Amurka. Tana arewa maso yamma da tsakiyar gari, a kan titin da a da ake kira West Street, yanzu kuma titin Dr. Martin Luther King Jr. An buɗe ta ranar 12 ga Satumba, 1927. Shekara huɗu ake yi a cikinta, daga aji 9 zuwa aji 12 a ƙidayar Amurkawa. Launinta kore ne da ruwan zinare, 'yan wasanta kuma Tigers ake ce musu, wato damisoshi.

Wane ne Crispus Attucks ɗin? Shi ya kafa ta?

A'a, ya rasu shekara 157 kafin a buɗe ta. Ma'aikacin jirgin ruwa ne mai jinin Afirka da na 'yan asalin Amurka. Yana cikin mutum biyar da suka mutu sanadin harbin da sojojin Ingila suka yi a Boston ranar 5 ga Maris, 1770, kuma ana ɗaukarsa a matsayin mutum na farko da ya faɗi a gwagwarmayar neman 'yancin Amurka.

Da farko hukumar makarantu sunan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ta so sa wa makarantar. Baƙaƙen fatar garin suka ce ba su yarda ba: a ware musu 'ya'ya, sannan a rataya musu sunan mutumin da ya mallaki ɗaruruwan bayi? A wannan dai an saurare su.

Da gaske ne don wariya aka gina ta?

Ƙwarai kuwa, kuma ba a ɓoye ba. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, kafin 1927 yara baƙaƙe da farare tare suke zuwa sakandarorin garin, irin su Shortridge da Manual da Arsenal Tech. Ashe ke nan baya aka koma. Baƙaƙen fata suna ta kwararowa daga jihohin kudu neman aiki, yawansu na ƙaruwa, sai ƙungiyoyin unguwannin fararen fata da majalisar 'yan kasuwar garin suka matsa wa hukumar makarantu lamba. Har da hujjar wai yaran baƙaƙe za su shafa wa nasu tarin fuka. A ƙarshen 1922 hukumar ta amince a gina musu tasu daban.

Ana yawan cewa Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin jinin baƙaƙe, ita ce ta gina makarantar. Akwai gaskiya a ciki, domin a shekarun nan Klan ta yi ƙarfin da ba a taɓa gani ba a Indiyana. An ƙiyasta kusan ɗaya cikin uku na maza fararen fata haifaffun ƙasar da ke jihar sun shiga cikinta, kuma da goyon bayanta Ed Jackson ya ci zaɓen gwamna a 1924. Amma ɗora mata laifin duka yana wanke wasu ne. Masu kwat da nektayi, mutanen kirki a idon gari, su suka kai takardar koke tun kafin 'yan takarar Klan su kama hukumar. Wani baƙar fata mai suna Archie Greathouse ya kai ƙara kotu don a tsayar da ginin, bai yi nasara ba.

An yi ginin don ɗalibai 1,000. Ranar da aka buɗe, sama da 1,300 suka zo. Tun ranar farko ta yi musu kaɗan.

To yaya aka yi makarantar da aka gina don a wulaƙanta mutane ta yi suna wajen karatu?

Nan ne gizo ya yi saƙar. A lokacin baƙar fata yana iya samun digiri na biyu ko na uku, amma jami'o'in fararen fata ba za su ba shi aikin koyarwa ba. Shugaban makarantar na farko, Matthias Nolcox, ya bi irin waɗannan mutane har garuruwansu ya tattaro su. Sai ga sakandare cike da malaman da a wani zamanin jami'a ce za ta yi rububinsu. Wanda ya gaje shi, Russell Lane, ya riƙe makarantar daga 1930 zuwa 1957, ya kuma ɗora a kan wannan tubali.

Makarantar tana dab da Indiana Avenue, titin da ya kasance zuciyar kasuwanci da kiɗan baƙaƙen garin. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne manyan makaɗan jaz irin su J.J. Johnson da David Baker daga cikinta suka fito. Haka Julia Carson, wadda ta wakilci garin a majalisar wakilan Amurka, da mawaƙiyar ofera Angela Brown.

Kada dai a fahimci wannan a matsayin wariya ta yi rana. Mutanen ne suka yi rana, a cikin kurkukun da aka gina musu.

Makarantar ta yi suna a ƙwallon kwando ma. Wai gasar 'yan sakandare ce har ake surutu a kanta?

Sai ka san Indiyana. A can ƙwallon kwando ta 'yan sakandare ita ce abin da gari yake rayuwa a kai duk lokacin sanyi. Akwai garuruwan da ɗakin wasan makarantarsu yake ɗaukar mutanen da suka fi yawan mazauna garin.

Tsarin gasar ma shi ya ƙara mata armashi. Har zuwa 1997 babu rukuni-rukuni: makarantar ƙauye mai ɗalibai ɗari da ta birni mai dubu uku duk kwando ɗaya ake zuba su, kuma sili-ɗaya-ƙwale ne, aka cinye ka sau ɗaya ka tafi gida. A shekarun 1950 makarantu sama da 700 ke shiga. Ana farawa daga matakin yanki, a haura mataki-mataki har a rage huɗu, su haɗu a Butler Fieldhouse da ke Indiyanapolis, zauren da ke ɗaukar mutum kusan 15,000. Yanzu sunansa Hinkle Fieldhouse. Wasan kusa da na ƙarshe da rana, na ƙarshe da daddare, duk a yini ɗaya.

Ga kuma wani abin da ke ci wa mutanen babban birnin tuwo a ƙwarya: tun da aka fara gasar a 1911, babu makarantar Indiyanapolis ko ɗaya da ta taɓa ɗaukar kofin. A garinsu ake wasan ƙarshe, baƙi ke tafiya da kofi.

Tun farko Attucks tana cikin gasar?

Ina! Shekara goma sha biyar tana waje. Hukumar wasannin sakandaren jihar, IHSAA, ƙarƙashin Arthur Trester, ta ƙi karɓar makarantun baƙaƙe uku, wato Attucks da Roosevelt ta Gary da Lincoln ta Evansville, haka ma makarantun ɗariƙar Katolika. Hujjar da aka ba Attucks kuwa sai ka riƙe baki: wai ba makarantar kowa da kowa ba ce, tunda ba ta ɗaukar fararen fata. An ɗaure ka, an kuma ce laifinka ne da ba ka gudu ba.

A waɗannan shekaru sai sun yi doguwar tafiya zuwa wasu jihohi, kamar Kentucky, kafin su sami abokan karawa. A 1941 Robert Lee Brokenburr, baƙar fata na farko a majalisar dattawan jihar, ya kawo ƙudurin da zai tilasta a buɗe ƙofa. Ƙudurin bai zama doka ba, amma hukumar ta ga alama, ta buɗe da kanta, aka fara karɓarsu daga 1942.

Ko bayan nan shugaba Lane a tsorace yake kada a sami dalilin sake korarsu. Ladabi ya fi nema a wajen 'yan wasa fiye da cin wasa: kada ka matse abokin karawa, kada ka ɗaga wa alƙali murya. An yi shekaru ana wasa kamar ana tafiya a kan ƙwai.

Wa ya sauya wannan?

Ray Crowe. An haife shi a 1915, ya tashi a gona kudu da Indiyanapolis, a cikin fararen fata ya yi makaranta, tare da su ya yi wasa, saboda haka ba ya jin shakkarsu. Ƙaninsa George Crowe shi ne wanda aka fara ba lambar Mr. Basketball, wato gwarzon ɗan wasan sakandaren jihar, a 1939. Ray ya zama babban koci a 1950.

Bai yar da ladabin ba, domin yaron da bai shiga aji ba ko ya faɗi jarrabawa ba zai taɓa ƙwallo ba. Abin da ya yar shi ne tsoro. Ya saki yaran su yi gudu, su matsa, su yi tsalle, su zuba maki iya ƙarfinsu. Game da alƙalan wasa, waɗanda duk fararen fata ne kuma ba kullum suke adalci ba, darasinsa guda ne: ku ɗauka mutum bakwai kuke karawa da su, ba biyar ba, kuma maki goman farko na alƙalai ne. Ka yi wa abokin karawa fintinkau yadda usur ɗaya ko biyu ba za su ƙwace maka wasa ba. Wanda ya yi gardama da alƙali benci zai koma.

A kaka bakwai ya ci wasa 179, an cinye shi 20. Daga baya ya shiga majalisar dokokin jihar, ya rasu a 2003.

A ina yaran suke koyon wasa, tunda an ce makarantar ba ta da filin kirki?

Ɗakin wasan makarantar ƙarami ne ƙwarai, bai isa a karɓi baƙi a ciki ba. Kusan duk wasanninsu a gidan wasu suke yi, ko su ari zaure. Tafiya ƙauyuka kuma da wulaƙancinta: a ci kuɗin ƙofa da sunansu, domin jama'a na cika zaure don ganinsu, amma a tashi wasa gidan abinci ya ƙi sayar musu. Sau da yawa guzuri suke ƙullawa su ci a mota.

Ainihin makarantar ƙwallon tana waje ne, kusa da rukunin gidajen Lockefield Gardens, a wani fili da yara suka laƙaba wa Dust Bowl saboda ƙurar da ke tashi in ana buga ƙwallo a tsurar ƙasa. Wanda ya ci shi ke zama a fili, wanda aka cinye ya koma layi, kuma layin yana da tsawo. Ƙaramin yaro sai ya zo da sassafe ko ya jira manya su gaji. Oscar Robertson, wanda aka haifa a Tennessee a 1938 aka kawo shi garin yana ƙarami, bai ma fara da ƙwallon gaske ba. Tsummokara yake dunƙulewa ya ɗaure da roba, ko ya sami ƙwallon tanis, yana jefawa cikin kwandon 'ya'yan itace a bayan gidansu.

Yaushe aka fara jin tsoronsu?

A 1951, kakar Crowe ta farko. A wasan yanki da Anderson, ana saura minti kaɗan suna baya da maki goma. Suka taso, kuma a daƙiƙun ƙarshe wani yaro da aka sako daga benci, Bailey Robertson, wanda ake kira Flap, yayan Oscar, ya jefa ƙwallon da ta shiga. Aka tashi 81 da 80. Tsofaffin garin sun daɗe suna cewa ba su taɓa ganin wasa kamarsa ba. Sun kai cikin huɗun ƙarshe, Reitz ta Evansville ta fitar da su. A shekarar ne aka ba ɗan wasansu Bob Jewell lambar halin kirki ta gasar, wadda ke ɗauke da sunan Trester, mutumin da ya hana makarantarsu shiga.

A 1954, Oscar yana shekararsa ta biyu a sakandare, suka haɗu da Milan, makarantar ƙauye mai ɗalibai 161. Milan ta cinye su 65 da 52, ta wuce ta ɗauki kofin. Labarin Milan ne aka gina fim ɗin Hoosiers na 1986 a kansa, kuma Crowe da kansa ya fito a ciki a matsayin kocin ƙungiyar da aka cinye a wasan ƙarshe. Duniya ta san Milan saboda fim. Waɗanda suka zo bayanta da shekara ɗaya, da labarin da ya fi nauyi, sai da aka daɗe kafin a waiwaye su.

Me ya faru a 1955?

Wasa ɗaya kacal suka rasa duk kakar, a Connersville. A gasar jiha sun sha da ƙyar a hannun Muncie Central, 71 da 70. Ranar 19 ga Maris suka fito wasan ƙarshe da Roosevelt ta Gary, ita ma makarantar baƙaƙe ce zalla. Ka duba wannan hoto: a jihar da shekara talatin baya Klan ke naɗa gwamna, ga yara goma a fili ana neman kofin jiha, babu farar fata ko ɗaya.

Attucks ta ci 97 da 74. Oscar ya zuba 30. Wilson Eison na Roosevelt ya fi shi da ɗaya, 31, kuma a ƙungiyarsu akwai Dick Barnett wanda daga baya ya ɗauki kofin NBA sau biyu da New York Knicks. Magoya bayan Attucks suna da wata waƙa da ba sa tayar da ita sai sun tabbatar wasa ya zama nasu, suna rausaya suna yi wa abokan karawa shaguɓe. A daren nan da wuri aka tayar da ita.

Da wannan ta zama makarantar Indiyanapolis ta farko da ta ɗauki kofin, kuma ita ake ambata a matsayin makarantar baƙaƙe zalla ta farko a Amurka da ta ci gasar jiha wadda kowa ke shiga. Wata goma ke nan bayan hukuncin kotun ƙoli na Brown da ya haramta wariya a makarantu, kuma saura wata tara Rosa Parks, wata baƙar fata, ta ƙi tashi daga kujerar bas don farar fata ya zauna.

Mene ne zancen faretin da ake cewa an hana su?

Ba hana su aka yi ɗungurungum ba, abin ya fi haka ciwo. Al'ada ce a ɗora zakarun a kan motar 'yan kwana-kwana a kai su Monument Circle, dandalin da ke tsakiyar birni, a yi shagali. Milan, da ba 'yan garin ba ne, an yi musu haka a shekarar da ta gabata, sun sha zagayensu. Attucks kuwa, 'ya'yan gari, waɗanda suka kawo kofin da aka yi shekara 44 ana jira, an kai su dandalin, sun zagaya sau ɗaya, sai 'yan sanda suka ja ayarin zuwa Northwestern Park, a unguwar baƙaƙe, inda aka hura babbar wuta. Hukumomi sun riga sun yanke shawara tun kafin wasa, don tsoron wai za a yi tarzoma. Babu wadda aka yi.

Dubban mutane sun yi rawa a wurin wutar, wasu 'yan wasan ma sun ce sun ji daɗin daren. Oscar, yana ɗan shekara 16, ya gane abin da aka yi musu, ya bar wurin da wuri ya tafi gida. Ya tsufa yana maimaita cewa abin bai bar zuciyarsa ba. A 2015, bayan shekara sittin, aka sa waɗanda suka rage daga ƙungiyar a gaban babban faretin da ake yi a garin gabanin tseren motoci na Indianapolis 500.

Sun sake ɗauka?

A 1956 ko wasa ɗaya ba su rasa ba: 31 babu ko ɗaya, abin da babu zakaran jihar da ya taɓa yi kafin su. A wasan ƙarshe suka doke Jefferson ta Lafayette 79 da 57, Oscar shi kaɗai ya ci 39, aka ba shi Mr. Basketball. In aka haɗa kakar biyu, wasa 45 suka ci a jere. A 1957, ba Oscar, sun sake kaiwa wasan ƙarshe, South Bend Central ta cinye su. Crowe ya ajiye aikin koci ya zama daraktan wasanni. Bill Garrett ya karɓa, ya kawo kofi na uku a 1959, suka lallasa Kokomo 92 da 54. Shi ma Garrett ba ƙaramin mutum ba ne, shi ya fasa shingen launin fata a ƙwallon kwandon jami'o'in Big Ten, wani rukunin manyan jami'o'in Amurka, lokacin da ya buga wa Jami'ar Indiyana.

Oscar fa, ina ya ƙare?

Jami'ar Cincinnati, sai zinare a gasar Olamfik ta 1960 a Rum, sai NBA. A kakar 1961 zuwa 1962 matsakaicinsa a kowane wasa ya haura goma a fanni uku: maki, da cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, da miƙa wa wanda ya ci. Ba a sake yin haka ba sai 2017, a hannun Russell Westbrook. Ya ɗauki kofi da Milwaukee Bucks a 1971. Ƙarar da ya jagoranta a kan NBA a 1970 yana shugaban ƙungiyar 'yan wasa, wadda aka sasanta a 1976, ita ta share wa 'yan NBA hanyar zaɓar kulob ɗin da suke so.

Za a iya cewa ƙwallon ce ta kawo ƙarshen wariya a garin?

Zan yi taka-tsantsan da wannan magana, ko da yake tana da daɗin faɗa. Jihar ta haramta wariya a makarantu tun 1949, amma Attucks ta ci gaba da zama ta baƙaƙe zalla har sai da kotun tarayya, ta bakin alƙali S. Hugh Dillin, ta sami hukumar makarantun garin da laifin wariya da gangan a 1971. Kofi uku ba su yi abin da hukuncin kotu ya yi ba.

Abin da ƙwallon ta yi shi ne, ta sa fararen garin da yawa suka tafa wa baƙaƙen yara a karon farko. Ta kuma sa sauran sakandarorin, da suka gaji da shan kashi, suka fara son dogayen yaran unguwanninsu su tsaya a wajensu maimakon a tura su Attucks. Ƙofa ta ɗan buɗe, amma da kuɗin Attucks aka biya, domin gwanayen da a da dole su taru a wuri ɗaya sun watsu.

Makarantar tana nan har yanzu?

Tana nan, bayan ta sha wuya. Ɗalibai sun ragu a makarantun cikin gari, sai a 1986 aka sauke ta daga babbar sakandare zuwa ƙarama, duk da ƙorafin tsofaffin ɗalibai. An sa ginin a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1989, akwai kuma gidan tarihi a harabarta. A 2006 ta dawo babbar sakandare, da mayar da hankali kan shirya yara don aikin likita da jinya.

Gasar jihar yanzu rukuni huɗu ce bisa girman makaranta, saboda haka kofin yau ba irin na 1955 ba ne, kuma tsofaffi ba sa gajiya da tuna wa mutane haka. Duk da haka, a watan Maris na 2017 Attucks ta kai wasan ƙarshe na rukunin 3A da Twin Lakes. Ana 71 da 71, aka jefa ƙwallo ba ta shiga ba, Jamal Harris ya cafe ta ya mayar, saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Kofi na farko ke nan cikin shekara 58. Oscar Robertson, yana da shekara 78, yana cikin zauren, kuma shi ya sauko fili ya rataya wa yaran lambobinsu a wuya.